Da Ita da Abin Cikinta

Abin da na fara gani da na sauka daga mota shi ne ƙyauren zauren Kawu a waje, an jingine shi da bango. An cire shi gaba ɗaya. Gefen ƙofar kuma an fasa an sake shafe shi da siminti, simintin bai gama bushewa ba, har wata kaza ta taka ta bar sawunta a dokin ƙofa. Na tsaya da jakata a hannu ina kallon sawun, sai da direban da aka ba amanata daga Sandamu ya leƙo ta taga ya ce in shiga mana, ko na manta gidan ne.

Hutun ƙarshen shekarar karatu ne, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Irin wannan hutun a Daura nake yin sa kullum, a gidan Kawu, yayan mahaifiyata. Na san zauren nan sarai. Tabarma, buta, igiyoyin shanu a rataye jikin ƙusa, da ƙanshin fata da ba ya barin wurin. Amma ranar ina shiga na ga rabin zauren ya tafi. Wani abu baƙi yana tsaye a kusurwa, ya fi Kawu tsawo, ya fi sif ɗin kaya faɗi, an yafa masa tsohon zanin gado mai furanni. Zanin bai kai ƙasa ba. Ta ƙarƙashi na hango ƙananan tayoyi, ɗaya da ɗan zaren buhu ya naɗe a jikinta.

Kawu falken shanu ne. Yana saye a Mai'aduwa ya loda a tirela zuwa Kudu, kuma yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba, motar da ta kai shanu ba ta dawowa fanko. Ya taɓa dawowa da kwanon rufi, ya taɓa dawowa da kujerun roba, wata shekara kuma manja ne har muka gaji da jan miya. A wannan tafiyar ya tarar wani banki yana gwanjon tsoffin kayansa.

Inna, matar Kawu, ita ta yi mini bayani tana zuba mini fura.

"Uwar kwamfutoci ce, in ji shi. Wai ita ke riƙe da aikin bankin duka, ƙananan da ake gani a kan tebur nononta suke sha. Maza nawa suka taru kafin ta shiga, ga shi sun cinye mini ƙofa."

Ni dama ba mai yawan magana ba ce, ko a aji in malama ta kira ni sai na ji harshena ya yi nauyi. Da Kawu kuwa, gaisuwar safe da ta yamma ce kawai tsakaninmu, shi ya ce 'yar Sandamu an tashi lafiya, ni in ce lafiya lau, kaina a ƙasa.

Washegari da hantsi Hajiya ta zo. Taubashiyar Kawu ce, kuma ita ke da wata makarantar 'yan mata a bayan gari. Tun suna yara kowanne yake cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Ni aka aika in kai mata ruwa, na ajiye kofin na rasa yadda zan fita, sai na tsaya jikin bango.

Kawu ya yaye zanin. Ƙofar na'urar ƙarfe ce mai ƙananan huji, dubbai, a jere kamar rariya.

"Bawana, wannan ce ka cika mini kunne a kanta?" in ji Hajiya. "Ai sai in ce makarar raƙumi ka sayo. Kai da ko saƙon wayarka sai an karanta maka."

"Matso ki taɓa, baiwar gidanmu, ba ta harbi." Ya daddaɓa gefenta da tafin hannu, daidai yadda yake yi wa saniya a kara, wato kasuwar shanu, in yana so mai saye ya ji cikar jiki. "Wanda ya sayar mini ya ce ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Tsufa kawai, sun sayi sabuwa. Kuma ɗauke take. Duk abin da take aiki da shi yana nan a cikinta, ba a cire ba."

"Da ita da abin cikinta za ka sayar mini?"

"Da ita da abin cikinta."

A kasuwar shanu haka abin yake. In ka sayi saniya mai ciki, ɗan maraƙin naka ne, babu wanda zai biyo ka daga baya ya ce nasa daban. Kawu a kan haka ya girma, a kan haka ya saya, a kan haka kuma ya sayar. Suka yi Allah ya sa albarka. Hajiya ta kafa sharaɗi ɗaya, za ta kawo wadda ta san aikin ta duba. In na'urar ta tashi, za a kai ta sabon ɗakin da ta gina a makaranta, wanda har an sa masa labule. In ba ta tashi ba, 'yan gwangwan suna nan, su farfasa su auna.

Da za ta fita ta lura da ni. Ta ce, "Ke kuma mai idon mage, in kin shiga babban aji ki dawo wurina, ki zauna a gabanta ke ma." Na so in ce to. Bakina bai buɗe ba, sai kofin da na ɗauka na riƙe da hannu biyu.

Daga ranar zauren ya zama wurina. Da rana in Kawu ya fita, Inna ta kishingiɗa, sai in zo in zauna a ƙasa in jingina bayana da na'urar. Jikinta sanyi gare shi ko da tsakar rana. In na sa hanci a hujin ƙofar, akwai wani ƙanshi a ciki da ba na garinmu ba, irin na ɗakin da bai taɓa ganin rana ba, da ɗan ƙanshin roba. In na sa ido kuma, sai duhu, can ciki wasu wayoyi masu launin ruwan lemo sun lanƙwasa sun nutse. Ya tuna mini ranar da aka kai mu rijiyar Kusugu daga makaranta, na leƙa, na daɗe ban ga komai ba, sannan a hankali ruwa ya fito da ɗan haskensa.

Na san ta ciki da bai, iya inda hannuna ke kaiwa. Akwai ɗan makulli a ɗaure da zare a bayanta. Akwai wata ƙaramar farar takarda a manne mai lambobi, gefenta ya ɗago. A ƙasan ƙofar wani ya taɓa buge ta da takalmi, fentin ya kankare. A saman kuma, da na hau turmi na duba, na ga zoben da kofin shayi ke bari, guda biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Na daɗe ina tunanin mai shayin. Na ba shi gilashi, na ba shi rigar sanyi, na sa shi yana hamma a wani dogon gini kusa da teku, ruwan sama yana dukan taga, ita kuma tana ta aikinta a gefensa.

Wani zanzaro ya fara gini a kusurwarta ta sama. Yana shigowa ta ƙofar da babu ƙyaure, da ɗan laka a baki, ya manna ya koma. Ban kore shi ba. Na ɗauka shi ma ya yarda cewa za ta daɗe.

Wani lokaci in ruwa ya sauko, sai in rufe ido in ga ɗakin Hajiya mai labule. Mu 'yan mata a jere da fararen hijabai, ita a gaba tana numfashi. A cikin tunanin nan ba na jin kunya. Ina tambayarta abubuwa, tana amsawa a hankali, ba ta cewa in ɗaga murya.

Wadda Hajiya ta kawo injiniya ce, tsohuwar ɗalibarta da ke aiki a Abuja, ta zo gida sunan ɗan yayarta. Siririya ce, da jakar baya da lalle sabo a hannu. Ta zagaya na'urar, ta karanta farar takardar. Sannan ta ce wutar gida ba za ta ɗauke ta ba. Aka je aka roƙi mai gidan ƙanƙara na bayan layinmu, aka jawo wata waya mai kaurin hannuna daga babban janaretansa, ta kan katanga, ta tsakar gida, ta gefen murhun Inna, har zaure.

Kafin a gama haɗawa zauren ya cika. Maƙwabta, abokan Kawu na kara, har da liman ya tsaya zai wuce. Ni da nake zama a wurin kullum aka tura ni baya, baya, har na tsinci kaina a bayan labulen ƙofar cikin gida. Daga nan ba na ganin komai sai bayan riguna da huluna.

Ji kawai na yi. Da farko wani ɗan ƙas, sannan iska. Fankokin cikinta suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙarar ta yi sama kamar hadari na tahowa, labulen da nake riƙe da shi ya fara motsi, kajin tsakar gida suka watse. Can sai ƙarar ta sauka ta zama wani gunji mai laushi, wanda nake ji a tafin ƙafata fiye da kunnena. Ta tsakanin kafaɗun mutane biyu na hango ɗan koren haske a bango, ya ƙyifta. Iyakar abin da na gani ke nan.

"Kin ji ko?" in ji Kawu. "Baiwar gidanmu, kin ji numfashi?"

Injiniya ta daɗe a gaban wani ɗan allo da ke cikin ƙofar na'urar. Sannan ta kashe, ta roƙi a rage mutane. Suka fita suna maida yadda aka yi. Ni ba wanda ya tuna da ni a bayan labule.

"Baba, lafiyarta lau," in ji ta. "Ƙarfen kuma naka ne, ka saya. Amma abin da ke cikinta ba naka ba ne. Ba na bankin ba ne ma tun farko."

Kawu ya gyara zama. "To na wa?"

Ta yi bayani a hankali. Ta ce akwai manhajar da aka dasa wa na'urar tun a masana'anta, wadda in babu ita ba ta san ma yadda za ta farka ba. Wannan ta kamfanin da ya ƙera ta ce. Lasisi kawai suka ba bankin, izinin amfani, da sunan bankin da kuma lambar da ke kan farar takardar nan. In na'ura ta canja hannu, sabon mai ita sai ya nemi nasa izinin. Akwai kuma manhajar da take yin ainihin aikin da ita, wannan haya ake yi wata wata, ranar da bankin ya daina haya aka goge ta. Shi ya sa ta farka ta tsaya tana jira.

Sai ta ƙara wani abu da har yau yake dawo mini. Ta ce ƙwaƙwalen da ke cikin na'urar sun fi waɗanda bankin ya yi aiki da su yawa. Wasu tun da aka ƙera su barci suke, ba a taɓa tayar da su ba, don kamfanin ne kaɗai ke buɗe su ga wanda ya ba izini. Na tuna duk ranakun da na jingina da ita. Ashe akwai masu barci a bayana, waɗanda ko mai shayin bai taɓa jin motsinsu ba.

Kawu ya murza gemunsa. Can ya ce, "Wato kiwo aka ba su."

"Na'am, Baba?"

"Saniyar kiwo. Mai ita yana birni, ya ba makiyayi. Makiyayi ya sha nono, gonarsa ta samu taki, ya yi shekaru da ita har yara su ɗauka tasu ce. Amma ba shi da ikon sayarwa, ita ko ɗanta."

"Kusan haka ne. Sai dai a nan fatar da ƙashin an sayar maka da gaske."

"Fata da ƙashi," in ji Kawu, ya yi 'yar dariya ta hanci. "Tun daga Kudu."

Hajiya ta ce to a nemi izinin mana, kamfanin ai ba a sama yake ba. Injiniya ta ce ana iya rubuta musu, amma irin wannan ta tsufa, sun daina kula da ita. Ko da sun yarda, hayar manhajar da wutar da ɗaki mai sanyi da take bukata sun fi ƙarfin makaranta. Sannan ta ce, "Kuma Hajiya, ba irin wadda ɗalibai ke zama a gabanta ba ce. A ɗaki ake kulle ta ita kaɗai."

Na saki labulen, na sake kamawa.

"Akwai yara a Kano," in ji Hajiya, "babu wayar da ba sa buɗewa. A kira ɗaya ya zo ya sa mata ta wani wuri. Wa zai biyo mu Daura ya bincika?"

Injiniya ta dubi lallen hannunta. Ta ce ta san akwai masu kwafowa, amma ita ba za ta sa hannu ba.

"Ke ba ke na tambaya ba, 'yar nan. Bawana nake tambaya."

Kawu ya ɗauki igiya daga ƙusa, ya fara warware ta ba tare da dalili ba. "Akwai masu kawo saniya kara tun kafin kasuwa ta cika," in ji shi. "In ka duba kunnenta sai ka ga sabon yanka a kan tsohon, an ɓata shaidar mai ita. Arha gare ta. Kuma da wuya mai ita ya biyo. Tun ina riƙe wa mahaifina sanda ban taɓa kama igiyar irinta ba."

"Ai ba kai za ka kama ba. Na saya, tawa ce."

"Na ce miki da ita da abin cikinta. Abin cikin ba nawa ba ne, don haka babu abin da na sayar miki. Na warware cinikin."

Hajiya ta kalle shi ta kalli ƙofar. "Ji bawa da zuciyar sarauta. To ƙofar da ka fasa fa?"

"Iska za ta fi shigowa."

"Allah ya shirye ka. Gobe in ka je Kudu ka sayo jirgin ruwa, mu sa a rafin Sandamu." Ta miƙe tana gyara mayafi, amma a bakin ƙofa ta tsaya ta ce in Inna ta yi dambu a aiko mata, kuma kada bawa ya ci kafin uwargijiyarsa. Daga nan na gane ba ta yi fushi sosai ba.

Injiniya ta ba Kawu shawarar kada ya kira 'yan gwangwan, akwai masu sayen irin waɗannan su kwance su sayar gunduwa gunduwa, fanka daban, wayoyi daban, abin da yake ƙarfe ne tsantsa kuma halal ɗinsa. Kawu ya kira masu kwancewar a gabanta. Suka ce bayan Juma'a za su zo da mota. Mai gidan ƙanƙara kuma ya aiko cewa bayan la'asar za a zo a naɗe waya.

Na koma cikin gida na taya Inna tsince shinkafa. Ina tsincewa ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa, har ta karɓe farantin ta ce in je in huta. Wayar tana nan kwance ta gefen murhu, baƙa, doguwa, rana ta ɗumama ta. Na bi ta da ƙafa har zaure.

Kawu shi kaɗai ne a ciki, a kan tabarma, da igiyar nan a cinyarsa. Ba a mayar wa na'urar zaninta ba. Iskar fankokin ta kakkaɓe ginin zanzaro, ɗan lakar ya faɗo ƙasa ya rabu biyu, shi kuma yana ta zagaya kusurwar yana neman inda ya bari. Daga masallaci aka fara kiran la'asar.

Na tsaya a bakin ƙofa har Kawu ya ɗago.

"'Yar Sandamu, aike ne?"

Na girgiza kai. Na yi tunanin masu barcin nan, za a kwance su a watsa ba su taɓa farkawa ba, na yi tunanin koren hasken da na gani a bango kawai. Na durƙusa kamar zan gaishe shi.

"Kawu," na ce, muryata ta fito siririya, sai na sake. "Kawu, ɗazu mutane sun tare, ban gan ta ba. Kafin a zo naɗe wayar, don Allah a sake kunna ta, in zauna kusa da ita ni kaɗai har ta gama farkawa."